Madubin da Inna ta wanke

A shekarar da na ɗauko Inna daga ƙauye na kawo ta gidana na Dogon Dutsi, abu biyu na sa a gaba. Na farko in hana ta komawa. Na biyu in ɗauki hoton wata wanda ba zai fito kamar dunƙulen fura ba. Ni malamin kimiyya ne a kwaleji, mutum mai takardu cike da akwati, saboda haka ban ga dalilin da ko ɗaya daga cikinsu zai gagare ni ba.

Inna ita ce mahaifiyata. Ƙauyenmu yana can wajen Lugu. Bayan an gama girbin gero jiri ya ɗebe ta a bakin rumbu, aka kawo ta wajen likita a nan cikin gari, aka ce tansiyo ne, hawan jini. Ƙwaya ɗaya kullum da safe, awo duk wata. Watan farko na bar ta ta koma gida da maganin, sai na samu labarin duk matar da ta shigo tana kukan ciwon kai, Inna na ɓallo mata ƙwaya ɗaya kamar goro. Likitan ya kira ni gefe ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba: in ba ta riƙa sha a kan kari ba, faɗuwa ta gaba ba za ta tashi yadda ta faɗi ba. Na ji tsoro ƙwarai. Na je na lallashe ta, ta yarda ta zo ta yi, a cewarta, kwana biyu.

Matata sakatariya ce a ofishin magajin gari, kuma tana da irin tarbiyyar nan mai kashe mutum a tsaye. Inna ta ɗauki tsintsiya, sai ta rusuna ta karɓe: “Inna, kawo, ki huta.” Ta ɗauki tukunya, “Inna, ki huta.” Daka babu, injin niƙa yana bakin layi. Ɗiban ruwa babu, famfo yana tsakar gida. Itace babu, da gas muke girki, kuma Inna ba ta yarda da wutar da ba ta da hayaƙi ba. Macen da tun kafin a haife ni rana ba ta taɓa fitowa ta same ta zaune ba, sai ga ta bisa tabarma daga safe har yamma, tana kallon kaji biyun maƙwabta in sun ga dama sun haura katanga.

Ni ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunana. Duk yamma in na dawo daga aji sai ta ce:

“Kai, yaushe za a maishe ni gida? Zaman ga ya ishe ni.”

“Inna, likita ya ce ki huta.”

“Likitan, nan gidan yaka kwana? Shi ya san abin da hutu ka yi ma mutum?”

Sai in yi dariya, in ce sai an ƙara awo ɗaya, in wuce wajen abin da ya fi damuna.

Abin da ya fi damuna na’urar hangen taurari ce da na tsinta a Yamai cikin tarkacen kayan gwanjo na Baljik. Mai sayarwar ya rantse mini ta masu awon fili ce, ni kuma ban gyara masa ba. Farin bututu ne mai ƙafa uku, bakinsa a buɗe, can ƙasan cikinsa akwai madubi mai faɗin murfin kwano. Hasken sama yana faɗawa kan madubin ya dawo ya fito ta wani ɗan gilashi a gefe, inda ake sa ido. Ranar da na fara sa idona na ga ramukan wata, sai da na zauna ƙasa. Na daɗe ina zana su a allo da alli, ban taɓa yarda har zuciya cewa suna nan ba.

Da ido komai ras. Da na kanga salula a bakin gilashin don in ɗauki hoto, sai ga wani farin dunƙule ba hanci ba baki. Na kai ɗakin malamai da alfahari. Malamin tarihi ya duba ya ce ƙwan lantarkin ɗakinsa ya fi wannan kama da wata. Malamin faransanci ya tambaye ni ko da gangan na ɗauki bango. Daga ranar na ƙudura sai na rufe musu baki.

Na shiga wani zaure na intanet na masu wannan sha’awa, yawancinsu tsofaffin Turawa da suka yi ritaya, ba su da abin yi sai gyara wa baƙi kuskure. Kuma gaskiya na ƙaru da su. Suka ce in daina riƙe salula da hannu, hannun mutum ba ya tsayawa. Na je wajen mai walda ya haɗa mini wani maƙali da guntun birkin keke da robar taya. Suka ce in daina danna ta da yatsa, in sa ta ƙirga daƙiƙu ta ɗauka da kanta. Suka ce in rage haske, wata ba duhu ba ne, dutse ne da rana ke haskawa. Suka ce in bar jiran ya cika, cikakken wata shafaffe ne, in same shi yana rabi, daidai layin da haske ya haɗu da inuwa, nan ramukan suke fitowa. Daga ƙarshe suka koya mini babbar dabarar: maimakon hoto ɗaya a ɗauki bidiyo, a sa a ordinatar, wato kwamfuta, ta zaɓo hotunan da suka fi tsayuwa ta jera su bisa juna su zama ɗaya. Duk wannan na yi, kullum bayan magariba, a gefen ɗakin girki inda na ga ƙasa ta fi daidai.

Dunƙulen ya zama wata, ban musa ba. Amma wata ne mai rawa, kamar kuɗin ƙarfe a ƙasan bokitin da ake motsa ruwansa. Mushtari kuwa, wanda a littafin aji muke kira Jupiter, ɗigon madara ne kawai da wasu ƙananan ɗigo huɗu a gefe, alhali tsofaffin nan suna saka nasu da ratsi-ratsi a jiki. Wata rana na haska cocila cikin bututun, na ga ƙura ta kwanta a kan madubin. Shi ke nan, na gano mai laifi. Ban gwada komai ba, ban tambayi kowa ba, ni da nake kaɗa wa ɗalibai kai in sun yanke hukunci babu gwaji.

Na yi mako uku ina maganar ƙurar nan. Ana cin tuwo, madubin nan ya yi datti. Ana shan shayi, ai da ba don dattin madubin nan ba. Matata ta koyi toshe kunne tun shekararmu ta farko. Inna kuwa tana ji. Rannan ta ce:

“To a wanke shi mana?”

Na ce, “Sai na samu lokaci, Inna.”

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ban ce mata wankinsa daban ne ba. Na gaya wa uwata, wadda take neman aiki ido rufe, cewa akwai wani abu mai datti a gidana da ban da lokacin wankewa, na tashi na tafi abina.

Ranar wata Asabar da safe na kwance kusoshi uku, na fiddo madubin a hankali kamar jariri. Na karanta cewa ana wanke shi da ruwan da ba gishiri a ciki, irin wanda ake zuba wa batirin mota, da auduga mai laushi, ba a ko dannawa. Ba ni da ko ɗaya. Na sa madubin cikin babban kwanon wanke-wanke, na ajiye shi a inuwa kusa da famfo, wai don kada a taka. Na ɗauki hotonsa da na wurin da nake kafa na’urar na tura zauren, na tambayi yadda ake yi. Matata ta riga ta tafi suna. Na hau babur na fita neman ruwan batir.

Garejin farko ya ƙare. Na biyu mai shi ya tafi jana’iza. A na uku na samu, na kuma samu wani abokina da butar shayi bisa gawayi, kuma ba a tashi a bar shayi a kofi na farko. Ina kofi na uku amsa ta shigo daga wani tsoho a zauren. Ya ce kada in kuskura in taɓa madubin, ƙura irin wannan ba ta rage komai, nasa ya shekara biyar bai ga ruwa ba. Sannan ya tambaya: wane rufi ne wannan a hoton? Rufin kwanon ɗakin girkinmu yake nufi. Ya ce kwano yana shan rana wuni guda, in ta faɗi ya yi ta amayar da zafin, ni kuma ta saman wannan tafasasshiyar iskar nake leƙen wata. In ja ƙafafun taku goma daga wurin, in fitar da bututun tun da sauran rana ya huce, in ga abin mamaki. Na yi murna har na karanta wa abokina, wanda bai fahimci komai ba amma ya taya ni. Na ɗauko ruwan batir ɗina duk da haka, tunda na riga na saya.

Ina shiga gida na ga Inna zaune bisa kujera ’yar tsugunno, ta ɗaure zani tamau, fuskarta tana sheƙi da gumi da wani farin ciki da rabona da ganinsa tun tana ƙauye. A gefenta ga soso, ga tarin rairayi mai laushi, ga toka cike da murfin tukunya, wadda sai da ta je gidan maƙwabta ta roƙo, tunda gas ba ya barin toka. Kwanon yana kife, madubin yana bisansa yana shan iska.

Madubin da ake duba fuska, azurfarsa a bayan gilashi take, ko da sabulun salo ka wanke shi ba abin da zai same ta. Na hangen taurari a gaba take, shafe ne siriri wanda ko yatsa ba a son ya taɓa. Inna ba ta san wannan ba, kuma babu ta inda za ta sani.

“Na wanke ma abin ga,” in ji ta. “Wallahi ya ba ni wuya. Wani abu na bisa nai awa dalma, ya ƙi hita, sai da na sa habɗi da rairai. Tun hantsi nike kai. Diba yanzu, har hannunka kana gani ta ciki.”

Ta ɗaga shi ta sa tafin hannunta a baya. Na ga hannun kuwa, da zoben azurfarta, da layukan tafin, ta cikin gilashin da ya sha ƙarce ko’ina.

Raina ya ɓaci. Na so in yi ihu. Amma kan malami ba ya hutawa, nan take na yi lissafi: in na ɗaga murya, gobe za ta ɗaure kayanta. Sai na haɗiye, na shimfiɗa murmushi, na ce, “Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri.” Na karɓi gilashin da hannu biyu na shige ɗaki na rufe ƙofa. A ranar na ɗauki kaina mutum mai hikima da haƙuri, har na ji haushin babu wanda ya gani balle ya yaba.

Kwanakin da suka biyo baya kamar sun gaskata ni. Inna ta ci abinci sosai. Ta sha ƙwayarta ba gardama. Na ji ta ta katanga tana ba maƙwabciya labarin yadda ta gyara wa ɗanta kayan aikinsa da ya gagare shi. Ba ta ƙara zancen gida ba. Sa’ar da na ci, ƙarshen wata ne, sama ba kowa, saboda haka da ta tambaya ko ya gyaru sai na ce sai wata ya tsaya. Na mayar da gilashin cikin bututu don idon jama’a.

Wata kuwa ya tsaya, ba ya fashi don wani ya yi ƙarya. Na leƙa, na ga wani dishi-dishi kamar fitila a bayan tsumma. Inna ta fara tambaya kullum da safe: “Kai, ina hoton?” Matata, wadda na gaya wa komai tun daren farko, ta ce, “Malam, ka faɗa mata gaskiya. Za ta ji zafi kwana ɗaya ya wuce.” Na bayyana mata cewa ba ta san halin tsofaffi ba. Na shiga intanet na nemo hoton wata. Kuma tunda ƙaryar kyauta ce, ban ga dalilin ɗaukar ƙarama ba, na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, ƙato, ramuka ras, tsaunuka da inuwarsu.

Da safe bayan an sha koko na kawo ordinatar na ajiye gabanta bisa tabarma. “Inna, ga aikinki.”

Ta matso da fuska. Ta daɗe tana kallo, har na fara jin daɗin kaina. Sannan ta ce:

“Yaushe ka ɗauke shi?”

“Jiya, bayan magariba.”

“Jiya.” Ta ja baya ta gyara zama. “Jiya wata kwana shidda garai. Ko rabi bai kai ba, na gane shi da idona bisa katanga. Wanga ya yi sha ɗaya, in bai yi sha biyu ba.”

Ni nake koyar da girman wata da raguwarsa, da lemu da cocila, aji bayan aji. Amma kwanan wata a salula nake dubawa. Na manta cewa matan ƙauyenmu da sama suke ƙirga komai, azumi da biki da watannin ciki da ranar da aka binne wani, kuma ba su yin kuskuren kwana ɗaya balle biyar. Na buɗe baki in ce wani abu game da na’ura da yadda take ƙara girma, na ga idonta, na rufe.

“Na ɓata shi ke nan,” in ji ta.

“Inna, ba komai, ai…”

“Ban tambaye ka ko da komi ba. Na ɓata shi?”

“Kin ɓata shi.”

“Shina gyaruwa?”

“Sai dai a sake wani.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi. Ta ce:

“Bara waccan na bar wuta ta ci dangar ƙanen ubanka. Ya taho har bakin ɗakina ya yi ta hwaɗa, ni ma na rama, munka yi kwana ukku ba mu gaisa ba, na huɗu na taya shi ɗaurin sabuwa. Nan ko, in ɓata ma abu mai tsada, ka yi min murmushi, ka bar ni ina ta ba mutane labari, ka kawo min hoton wani ka ce nawa na. Haka aka yi ma jinjiri. Can gida ko hwaɗa ana yi min.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ko ranar da sufeto ya gyara mini lissafi gaban ɗalibai. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da na yi mata.

Ranar kasuwa ta ɗaure kayanta. Na kawo likita, na kawo awo, na kawo faɗuwa ta gaba, na kawo Allah da Annabi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambayi matata ko an ga ɗayan takalminta. Na kai ta tasha da kaina. Na ba direba maganin wata uku ya damƙa wa matar ƙanena, da dogon bayani a takarda, wanda na san ba mai karantawa.

Bayan tafiyarta wani abokin aiki da ya je kwas ƙasar waje ya taho mini da sabon madubi. Na ja ƙafafun na’urar taku goma daga ɗakin girki, zuwa gindin katangar gabas, na riƙa fitar da bututun tun la’asar sakaliya ya huce. Tsohon nan bai yi ƙarya ba. Rawar ta tsaya. Ramukan wata suka fito kamar a taɓa, Mushtari ya fito da ratsinsa biyu, har zoben tauraron Zuhal na kama. Tsofaffin zauren suka yi ta tafi. Malamin tarihi ya duba ya ce ba laifi, wanda a bakinsa lambar yabo ce. Sabon madubin ya yi ƙura cikin mako biyu, ban taɓa shi ba har yau.

Da damina, ana tsakiyar noman farko, Inna ta faɗi a gona. A amalanke aka fito da ita bakin hanya. Ɓarin hagu ya tafi, hannu da ƙafa, magana ce kawai ta dawo a hankali. Yanzu tana gidana, a ɗakin da na gyara mata tun farko. Tana shan ƙwayarta kullum a kan kari, saboda a baki ake sa mata. Ana yi mata awo duk wata. Ba ta ƙara cewa a kai ta gida ba. Duk abin da na nema na samu, ba ragi.

Tagar ɗakinta bangon maƙwabta take kallo, ba a ganin sama daga inda take kwance. Duk magariba, in na wuce ta ƙofarta zan tafi wajen na’ura, sai in ji ta ɗaga murya ta kira matata:

“Ke, yau wata kwana nawa?”

Matata ba ta sani ba, ba ta taɓa sani ba. Sai ta fito tsakar gida ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, in gaya mata, ta koma ciki ta faɗa, Inna ta ce to. Rannan abin ya ishe ni, na tsaya a bakin ƙofar na amsa da kaina. Na ce, “Kwana tara, Inna.”

Ta ji ni sarai. Sai ta sake kiran matata ta tambaye ta.